Henri Dunant, Mai Jinyar Sojoji

An haifi Henri Dunant a birnin Janeba na ƙasar Suwizalan a 1828. Shi ba soja ba ne, ba kuwa likita ba, ɗan kasuwa ne. Cikin watan Yuni na 1859 ya tafi arewacin Italiya neman Sarkin Faransa kan wata harka tasa, sai ya tarar an gama gwabza yaƙi a Solferino. Ga dubban sojoji kwance cikin jini, ga ƙishirwa, ba mai duba su.

Bawan Allahn nan bai wuce ba. Ya tara matan garin Castiglione, suka yi ta ba su ruwa suna ɗaure musu rauni, ba ruwansu da wane ne na Faransa, wane ne na Ostiriya. Ni a ganina nan girmansa yake. Littafin da ya rubuta a 1862 shi ya jawo aka kafa ƙungiyar Red Cross a 1863.

Abin tausayi, a 1867 ya karye, bashi ya yi masa katutu, aka manta da shi. Sai da ya tsufa aka tuna, aka ba shi lambar Nobel ta zaman lafiya a 1901. Ya rasu a garin Heiden a 1910, bai taɓa kuɗin ba.