Fasto Friedrich von Bodelschwingh na Betel (1877–1946)

An haifi Friedrich von Bodelschwingh a shekara ta 1877 a Betel, kusa da birnin Bielefeld a ƙasar Jamus, inda mahaifinsa yake shugabancin gidan kula da masu farfaɗiya. Ya gaji wannan hidima a 1910.

A zamaninsa ne wata aƙida ta bazu a Turai da Amurka, wai za a kyautata irin ɗan adam idan aka hana naƙasassu haihuwa. Gwamnatin Hitler ta mai da ita doka a 1933. Faston bai yi tsayayya da dokar ba, har aka yi wa fiye da mutum 1,000 na Betel tiyatar hana haihuwa. Wannan tabo ne da ba ya gogewa daga tarihinsa.

Amma da aka soma kashe naƙasassu da iskar guba a 1940, sai ya ƙi cika takardun da ake zaɓen waɗanda za a kashe da su. Ya yi ta rubuta wa hukumomi, ya kuma yi muhawara ido da ido da Karl Brandt, likitan Hitler. Bai ɗaga murya a bainar jama'a kamar Bishop von Galen ba, ya zaɓi roƙo a ɓoye. Kimanin mutum 70,000 ne aka hallaka kafin Agusta 1941. Yawancin majinyatan Betel sun tsira, ko da yake an tafi da Yahudawan cikinsu.

Ya rasu a Janairu 1946. Sai a 1994 ne tsarin mulkin Jamus ya haramta nuna wa mutum bambanci saboda naƙasa.