Abubakar Imam

Alhaji Abubakar Imam (1911 – 19 ga Yuni, 1981), wanda ake kira Abubakar Imam Kagara, ɗan jarida ne, marubuci, malamin makaranta kuma ɗan siyasa daga Arewacin Najeriya. Shi ne editan Hausa na farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairun 1939, kuma ya riƙe ta har zuwa 1951. Yawancin mutane sun san shi ne ta littattafansa na hikaya, Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, waɗanda ake karantawa a makarantu har yau. Amma shekarun ƙarfinsa a ɗakin labarai ya yi su, inda ya riƙa tono matsalolin mulkin En'e da koke-koken talakawa, alhali jaridar da yake yi wa aiki ta gwamnatin mulkin mallaka ce.

Asali da karatu

An haifi Abubakar Imam a garin Kagara, wanda yanzu yake cikin Jihar Neja. Gidansu gidan malamai ne masu asali daga Borno, kuma mahaifinsa, Malam Shehu Usman, alƙali ne. A gida ya fara karatun allo da na Larabci. Daga baya aka kai shi Katsina wurin yayansa, Malam Muhammadu Bello Kagara, wanda yake koyarwa a can kuma ya zama Walin Katsina daga bisani. A Katsina ya shiga makarantar boko, sannan a 1927 ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, ya gama a 1932. Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk sun yi karatu a kwalejin a cikin waɗannan shekaru. Da ya gama sai aka ba shi aikin koyarwa a makarantar Midil ta Katsina.

Shigarsa harkar rubutu

A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar ƙaga labarai da Hausa cikin rubutun boko. Littattafai biyar ne suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. Imam yana da shekara 22 kacal a lokacin. Salonsa ya burge East, don haka a 1936 ya nemi a ba shi aronsa daga Katsina. A cikin watannin da ya yi a Zariya ne ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, inda ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiya da Turai ya sa musu rigar Hausa. Wannan aiki shi ya sa aka tuna da shi lokacin da aka zo neman wanda zai riƙe jarida.

Gaskiya Ta Fi Kwabo

Kafin 1939 akwai wata jaridar gwamnati a Arewa da ake bugawa da Hausa da Ingilishi da Larabci, amma ba ta fitowa a kai a kai, kuma galibin abin da ke cikinta labarin sarakuna ne da sanarwar hukuma. Ana gab da Yaƙin Duniya na Biyu sai jita-jita ta bazu cewa Ingila za ta miƙa Najeriya ga Jamus don ta lallashi Hitler. Turawan mulki suka ga suna buƙatar hanyar da za su yi magana da jama'a kai tsaye cikin harshen da suke ji. Daga nan aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo. A lokacin ana sayar da ita kwabo ɗaya, sunan kuma yana nufin abin da ke ciki ya fi kuɗin da aka biya. Da farko wata-wata take fitowa, daga baya aka riƙa ƙara yawan fitowarta.

Waɗanda suka iya karatun boko a Arewa a lokacin kaɗan ne, amma kowane kwafi yakan wuce hannun mutum ɗaya. Malamin makaranta ko malamin haraji ko akawun kanti yakan karanta da ƙarfi a ƙofar gida ko a kasuwa, mutane suna saurare. A lokacin yaƙin an ƙara da wani ɗan shafi cikin rubutun ajami mai suna 'Yar Gaskiya, domin waɗanda karatun allo kaɗai suka yi. Imam ya rubuta jaridar da sanin cewa kunne zai ji ta fiye da yadda ido zai gan ta, shi ya sa ko labarin fagen daga yakan zo da karin magana da barkwanci da zambo, kamar ana hira.

Ta fuskar harshe, aikin jaridar ya kai na littattafan, wataƙila ma ya fi. Kowace fitowa sai an samo wa sababbin abubuwa suna: jiragen yaƙi, majalisu, zaɓe, tsarin mulki, sunayen ƙasashe da birane. Wasu kalmomin an are su daga Ingilishi aka lanƙwasa su bisa lafazin Hausa, wasu an ɗauko daga Larabci, wasu kuma an ƙirƙira. Jaridar ta taimaka wajen sabar wa masu karatu da haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, da kuma raba kalmomi bisa ƙa'ida ɗaya. Daidaitacciyar Hausa da aka gina bisa karin Kano ta samu gindin zama ne a shafukan jarida irin wannan, tun kafin a kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955. Abin lura shi ne editan kansa ba Bakano ba ne, a Katsina ya tashi.

Tono matsalolin mulki

A tsarin mulkin da Turawa suka shimfiɗa, Razdan da Di'o suna mulki ne ta hannun sarakuna. Sarki da hakimai da dagatai su ke karɓar haraji da jangali, su ke da kotunan alƙalai da 'yan doka da gidajen yari. Talakan da aka zalunta sau da yawa ba shi da inda zai kai ƙara sai wurin wanda ya zalunce shi ko ubangidansa. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta buɗe wata ƙofa da ba a saba da ita ba, wato shafin wasiƙun masu karatu. Wasiƙu suka riƙa zuwa Zariya daga larduna daban-daban, kan cin hanci, da tsawwala wa talakawa, da ƙarancin makarantu, da yadda ake danne matasa masu ilimin boko a ofisoshin En'e. Edita shi ne mai tantance abin da zai fito, shi ne kuma mai ɗaukar fushin wanda abin ya shafa.

Ba a kiran wannan aikin jarida na binciken ƙwaƙwaf a wancan zamani, kuma bai yi kama da wanda aka gani daga baya a mujallun Legas ba. Imam ba ya yawan kama suna. Yakan ɗauki al'adar da ta zama ruwan dare, kamar toshiyar baki da ake kira gaisuwa, ya warware yadda take aiki, ya nuna wanda take cuta, sannan ya kawo hujja daga addini da tarihin masu jihadi cewa shugaba makiyayi ne abin tambaya. Hujjar da ta fito daga littattafan malamai tana da wuyar turewa a fada, kuma Imam ɗan malamai ne da ya san inda zai taɓo.

Duk da haka, filin da yake da shi ƙunci gare shi. Gwamnatin da ta mallaki jaridar ita ce ta ɗora aikin tilas a ma'adinan kuza na Jos daga 1942 zuwa 1944, inda aka kwashi dubban manoma daga lardunan Arewa ta hannun hakimai. Akwai Turawa a samansa masu duba abin da za a buga, kuma babban aikin jaridar a shekarun yaƙi shi ne ƙarfafa wa mutane gwiwa su goyi bayan Ingila. Wasu sarakuna suna ganin jaridar tana koya wa yara raini. Matasa masu zafin ra'ayi kuma, waɗanda suka fi son aika rubutunsu ga West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe a Legas, suna ganin ta kakakin gwamnati ce. Duka ɓangarorin biyu suna da abin kamawa.

Tafiya Ingila a 1943

A 1943 aka gayyaci editocin jaridun Afirka ta Yamma su takwas zuwa Ingila, Imam ne kaɗai daga Arewacin Najeriya. A can Azikiwe ya shirya takarda zuwa ga gwamnatin Ingila, yana kafa hujja da Yarjejeniyar Atlantika ta 1941, wadda Churchill da Roosevelt suka amince a cikinta cewa kowace al'umma tana da ikon zaɓar masu mulkinta. Takardar ta nemi a ba da mulkin cikin gida na shekara goma, sannan cikakken 'yanci bayan wasu shekara biyar. Imam ya ƙi sa hannu. A ganinsa ba shi da izinin yin magana da yawun Arewa a kan irin wannan batu, kuma Arewa tana baya ƙwarai a ilimin boko, ta yadda 'yancin gaggawa zai bar ta a hannun wasu. Wannan ƙin sa hannu ya jawo masa suka mai tsanani daga jaridun Kudu, kuma masana tarihi sukan ambace shi cikin alamun farko na saɓanin Kudu da Arewa kan lokacin karɓar mulki.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne abin da ya yi a sauran kwanakin tafiyar. Ya gana da Lord Lugard, wanda ya kafa tsarin mulkin Arewa kuma yake da shekara 85 a lokacin, ya kuma ci gaba da rubuta masa wasiƙu. A cikinsu ya zayyana abin da bai iya bugawa filla-filla a jarida ba: cewa tsarin ya bar sarakuna ba mai taka musu birki, cewa jami'an Turawa ba sa jin muryar kowa sai ta fada, cewa an yi sakaci da ilimi, kuma matasan da aka ilimantar ba a shawara da su. Lugard ya isar da waɗannan koke-koke ga hukumomi, har maganar ta kai ga Gwamna Arthur Richards. Mutumin da aka zarga da goyon bayan Turawa shi ne ya kai ƙarar tsarin gaban wanda ya gina shi. Labarin tafiyar kansa ya fito a littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi a 1944.

Siyasa

A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya, ya karɓi aikin buga jaridar da littattafai, a 1948 kuma ya fara buga Nigerian Citizen da Ingilishi. Zariya ta zama matattarar 'yan boko, kuma Imam yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a matsayin ƙungiyar al'adu. A taronta na Kaduna a 1949 aka zaɓi Dokta Dikko shugaba, Imam kuma ma'aji. Aminu Kano da Sa'adu Zungur suna cikinta a lokacin, kafin masu neman sauyi na gaggawa su kama hanyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a watan Agustan 1950.

Rubuce-rubucensa na wannan lokaci sun fi karkata ga dangantakar Arewa da Kudu. Ya faɗa a fili cewa ɓangarorin biyu suna raina juna, kuma talakan Arewa ya fi amincewa da Bature a kan ɗan Kudu, har ma a kan ɗan bokon Arewa. Jaridar ta yi ta jan kunne cewa ma'aikatan Kudu ne suka cika ofisoshin gwamnati da tashoshin jirgin ƙasa da gidajen waya a Arewa. Wannan ra'ayi ya share fagen manufar fifita 'yan Arewa a aikin gwamnati da aka bi daga baya, kuma har yau ana muhawara a kan ko ya kare yankin ne ko ya ƙara zurfafa rarrabuwa.

A 1951 ya bar kujerar edita, aka zaɓe shi Majalisar Dokokin Arewa da Majalisar Wakilai ta Legas. Bai daɗe a siyasar jam'iyya ba. Wajen 1954 ya koma harkar littattafai a hukumar NORLA, wadda ta samar da abin karantawa ga shirin Yaƙi da Jahilci.

Ayyukansa na baya da rasuwa

Imam ya yi shekaru a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, ya kuma shugabanci kamfanin buga littattafai na NNPC da aka kafa a Zariya a 1966. A shekarun 1970 aka ba shi aikin sauraron koke-koken jama'a a Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda aka sake wa suna Jihar Kaduna a 1976. A lokacin jihar ta haɗa lardunan Zariya da Katsina, tun daga kudancin Kaduna har garuruwan bakin iyaka na masarautar Daura irin su Babban Mutum, domin ba a cire Jihar Katsina ba sai a 1987. Wasiƙun da a da yake bugawa a shafin jarida, yanzu ofishinsa ne yake da hurumin bincikarsu.

Ya rubuta littattafan addini da na tarihi da dama, ciki har da tarihin Annabi (SAW) da na halifofi. An ba shi lambobin girma na OBE da CON, da digirin girmamawa na dokta.

Zamanin aikin jaridarsa ya ƙare kafin talabijin ta iso, domin tashar farko a Najeriya ta buɗe ne a Ibadan a 1959, ta Kaduna kuma a 1962. Bayan rasuwarsa ne aka mayar da Magana Jari Ce wasan kwaikwayo na talabijin, wanda NTA ta nuna. Ya rasu a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981, yana da shekara 70. A 1989 aka buga tarihin rayuwarsa da ya fara rubutawa da kansa, wanda Abdurrahman Mora ya tace ya kammala.