Alhassan Ɗantata, attajirin da gidansa bai watse ba

An haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji, ƙasar Kano, a 1877, cikin zuriyar Agalawa fatake. Yana yaro mahaifinsa, Madugu Abdullahi, ya rasu. Ya fara da fataucin goro daga Gwanja, daga baya ya riƙa ɗora shi a jirgin ruwa daga Akara zuwa Legas.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano, gyaɗa ta yi daraja. A 1918 kamfanin Turawa na Neja ya nemi Ɗantata ya riƙa saya masa ita. Ya baza ƴan uwa da yaran gida cikin ƙauyuka, yana ba su jari bisa amana, suna tara masa buhuna. A 1929, da aka buɗe banki a Kano, raƙuma 20 suka kai masa kuɗinsa na azurfa.

Kafin rasuwarsa ranar 17 ga Agusta 1955, ya yi wa ƴaƴansa wasiyya su ci gaba da kasuwanci tare, kada rabon gado ya rusa gidan. Suka riƙe wasiyyar. Aliko Ɗangote jikan ɗansa Sanusi ne.