Charles Kettering: Mutumin da ya raba direba da wahalar tayar da mota da hannu

Duk tirelar da ke lodin dabbobi a Kasuwar Shanu ta Maiduguri zuwa Legas, da murɗa makulli kawai take tashi. Wannan sauƙi ya samo asali ne daga aikin wani injiniya Ba'amurke, Charles Franklin Kettering.

An haife shi ranar 29 ga Agusta, 1876, a wata gona kusa da Loudonville a jihar Ohio. Ciwon ido ya katse masa karatu har sau biyu, sai a 1904 ya kammala Jami'ar Jihar Ohio. Ya yi aiki a kamfanin NCR da ke Dayton, inda ya sanya wa na'urar lissafin ciniki ƙaramin injin lantarki. A 1909 shi da Edward Deeds suka kafa kamfanin Delco.

A wancan zamani da ƙarfin damtse ake juya wani ƙarfe a gaban mota kafin ta tashi, kuma idan injin ya yi tutsu, ƙarfen kan karya hannu. Kettering ya lura cewa ƙaramin injin lantarki na iya ɗaukar nauyin da ya fi ƙarfinsa, muddin na 'yan daƙiƙu ne. Saura matsala guda: wa zai mayar wa batir wutar da ya bayar? Amsarsa ta fito a motar Cadillac ta 1912. Na'ura ɗaya ce ke tayar da injin, sannan ta koma janareta tana cika batirin.

Har gobe a kan wannan tsari ake tafiya, ko da yake daga shekarun 1960 altaneta ta karɓi aikin cajin. Bel ɗin injin ke juya ta, wasu ƙananan na'urori a cikinta su miƙar da wutar ta bi hanya ɗaya, wata kuma ta tsare ƙarfinta a wajen volt 14 a ƙaramar mota. Saboda haka idan jar fitilar batir ta kama ana tafe, a fara duba bel da altaneta kafin a ɗora wa batir laifi.

Sai dai tarihinsa bai rasa tabo ba. A ƙarƙashin jagorancinsa a kamfanin General Motors ne Thomas Midgley ya gano amfanin zuba sinadarin dalma a fetur a 1921. Gubar dalma, wadda 'yan Nijeriya suka ga ta'asarta a Zamfara a 2010, ta shiga jinin yara a faɗin duniya, kuma sai a 2021 aka daina sayar wa motoci irin wannan fetur, Aljeriya ce ta ƙarshe.

Kettering ya rasu a Dayton ranar 25 ga Nuwamba, 1958, yana da shekara 82.