KANAR SHITTU ALAO DA MUTANEN DA KE TA DA JIRGI SAMA

Duk wanda ya taɓa zama a Hayin Banki ko Kawo, arewa da kogin Kaduna, ya saba da rugugin jiragen soja masu tashi daga sansanin mayaƙan sama na hanyar Mando. Yara kan ɗaga kai su bi jirgi da kallo har ya ɓace, suna sha'awar matuƙinsa. Amma kaɗan ne ke tuna cewa kafin jirgin nan ya rabu da ƙasa sai da waɗansu mutane suka yi sammako a kansa, wani da sifana, wani da tiyon mai. Tarihin marigayi Kanar Shittu Akanji Alao, wanda ya shugabanci rundunar mayaƙan saman Nijeriya daga 1967 zuwa 1969, ba zai cika ba sai an haɗa shi da na waɗannan mutane.

An haifi Shittu Alao cikin 1937 a Dorowa Babuje, a ƙasar haƙar kuza ta Filato. Iyayensa Yarabawa ne, shi kuwa haihuwar Arewa. Da ya tasa sai ya shiga sojan ƙasa har ya zama hafsa. A lokacin Nijeriya ba ta da mayaƙan sama ko kaɗan. Sai a 1962 Gwamnatin Tarayya ta fara tura samari ƙasar Habasha koyon tuƙin jirgi, daga baya aka tura waɗansu Kanada da Indiya da Jamus ta Yamma. Cikin 1963 aka ɗebo hafsoshi daga sojan ƙasa don su zama ginshiƙan sabuwar runduna, Alao yana cikinsu, aka kuma aika da shi Jamus ya sami horo.

Cikin watan Afrilu na 1964 aka kafa rundunar bisa doka. Jamusawa ne suka riƙe ta tun farko, a ƙarƙashin Kanar Gerhard Kahtz, sa'an nan Kanar Wolfgang Thimmig, Kaduna kuma ita ce babban sansaninta. Jiragenta na farko masu farfela ne, irin su Piaggio da Dornier, na koyo da na ɗaukar saƙo, ba na yaƙi ba. Da ya dawo daga Jamus, an ba Alao aikin kula da sha'anin zirga-zirgar jirage a hedkwatar rundunar.

Rikicin 1966 ya tarar da rundunar tana rarrafe. Shugabancin Jamusawa ya ƙare cikin Janairun shekarar, aka naɗa George Kurubo, ɗan Nijeriya na farko da ya riƙe muƙamin. Daga baya hafsoshi da makanikai 'yan Jihar Gabas suka koma gida, kowa da iliminsa a kansa. Ran 30 ga Mayu 1967 aka yi shelar Biyafara, ran 6 ga Yuli yaƙi ya ɓarke. Tun makonnin farko wani tsohon jirgin yaƙi samfurin B-26 da ke hannun Biyafara ya kai hari filin jirgin saman Makurɗi, Gwamnatin Tarayya kuwa ba ta da jirgin da zai tare shi. A cikin wannan hali aka danƙa wa Alao rundunar, cikin watan Agusta na 1967, yana da shekara 30 da haihuwa. Shi ne shugabanta na huɗu, ɗan ƙasa na biyu.

Da Ingila da Amurka suka ƙi sayar wa Nijeriya jiragen yaƙi, sai gwamnatin Yakubu Gowon ta juya wajen Tarayyar Sobiyet. A wannan wata na Agusta aka fara sauke jiragen MiG a Kano, a kwance cikin manyan jiragen dakon kaya, aka harhaɗa su a nan. Aka kuma samo jiragen L-29 ƙirar Cekoslobakiya, daga baya aka ƙaro masu jefa bom samfurin Ilyushin. Yawancin waɗanda suka fara tuƙa su baƙi ne, musamman Misirawa.

To, a nan ne babbar matsalar Alao take. Jirgi ana sayensa rana ɗaya, amma ba a sayen makaniki. Jirgin yaƙi ba mota ba ne da za ta mutu a gangara gefen hanya a buɗe ta. Bayan kowane tashi sai an duba inji da tayoyi da birki, an gwada rediyo, an ɗura mai, an ɗora harsashi, sa'an nan wani saje ya sa hannu a takarda cewa jirgin ya cancanci tashi. Ran matuƙi yana rataye da wannan sa hannu. Makanikan Nijeriya, waɗanda suka koyi aiki a kan ƙananan jirage masu farfela, dole suka koma ɗalibai ana tsakiyar yaƙi, suna koyon sabbin injuna a gefen Rashawa da Misirawa. Inda kayan aiki suka gaza kuwa sai dabara. Har jiragen fasinja samfurin DC-3 aka mayar na jefa bom, ana mirgino bom ɗin ta ƙofa da hannu.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa aikin ƙasa ba shi da haɗari. Ran 22 ga Mayu 1969 wani Bature ɗan ƙasar Suwidin, Carl Gustaf von Rosen, ya jagoranci ƙananan jirage biyar suka afka wa filin jirgin saman Fatakwal, cikin 'yan kwanaki suka bi da na Binin da na Inugu. Jiragen da suka lalata duk a ƙasa suke, watau a daidai wurin da makanikai da masu ɗura mai da 'yan kwana-kwana ke wuni. Haka kuma ba za a ɓoye ba cewa bama-baman da aka jefa a garuruwa da kasuwannin Gabas sun hallaka farar hula da yawa, abin da ya jawo wa rundunar zargi mai tsanani a duniya. Wannan ma yana cikin nauyin da ya hau kan shugabanta.

Alao bai zama shugaban da ke zaune ofis kawai ba. An san shi da hawa jirgi da kansa ya fita aiki. Ran 15 ga Oktoba 1969 yana tafe shi kaɗai cikin jirgin L-29, sai yanayin sama ya ɓaci, mai kuma ya ƙare masa. Ya yi ƙoƙarin saukar gaggawa a Uzebba, cikin Jihar Yamma ta Tsakiya ta wancan lokaci, Jihar Edo a yau, jirgin ya bugi itace, ya rasu yana da shekara 32. An binne shi a Ikko da cikakkiyar karramawar soja. Wata uku bayan haka, ran 15 ga Janairu 1970, yaƙi ya ƙare. Emmanuel Ikwue ne ya gaje shi.

Bayan yaƙi gwamnati ta ba da lambobin hidima ga sojojin ƙasa da na ruwa da na sama waɗanda suka yi aiki a waɗannan shekaru. Ya kamata ɗalibai su gane bambancin lambobin soja. Akwai ta jarunta, wadda ake ba mutum saboda wata bajinta da ya nuna a rana guda, akwai kuma ta hidimar yaƙi, wadda ba ta duban muƙami. Irin ta biyun ce ke haɗa matuƙi da makanikinsa, ƙirjin kanar da na kofur su ɗauki ƙyalle iri ɗaya. Hikimar a fili take, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Alao bai rayu ya ga ranar rabon ba, amma an sa wa barikin soja na Keffi sunansa.

Darasin da yaƙin ya koyar bai faɗi ƙasa banza ba. Cikin 1977 aka buɗe makarantar koyar da makanikai da masu kula da kayan aiki a sansanin Kaduna, wadda a 2008 ta zama Cibiyar Fasaha ta Mayaƙan Sama. Watau abin da Alao ya rasa a 1967, shi ake horarwa yanzu a maƙwabtan Hayin Banki. In mai karatu ya gamu da wani dattijo sanye da tsohuwar lamba ran 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, mai yiwuwa bai taɓa tuƙa jirgi ba, amma da sa hannun irinsa jiragen Kanar Shittu Alao suka tashi. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.