Tarihin Hunter S. Thompson, ɗan jaridar da ya zama labari

A watan Mayun 1998 ne aka fara nuna wani fim mai suna Fear and Loathing in Las Vegas, wato Tsoro da Ƙyama a Las Vegas, a gidajen sinima na Amurka.

Fim ɗin labarin wani ɗan jarida ne da lauyansa, waɗanda suka cika bayan mota da barasa da miyagun ƙwayoyi, suka keta hamada zuwa birnin caca na Las Vegas, da sunan neman burin nan na Amurkawa na samun arziki da jin daɗin duniya.

Marubucin littafin da aka ɗauko fim ɗin daga cikinsa shi ne Hunter S. Thompson, kuma kansa ya siffanta a cikin labarin, ya laƙaba wa kansa suna Raoul Duke.

Littafin ya ɗaukaka shi, amma kuma ya ɗora masa wani nauyi da ya kasa saukewa har ƙarshen rayuwarsa, domin jama'a sun daina neman marubucin, sun koma neman mashayin da ke cikin labarin.

Ƙuruciya

An haifi Hunter Stockton Thompson ne ranar 18 ga watan Yulin 1937 a birnin Louisville na jihar Kentucky, kuma shi ne babba cikin 'ya'ya maza uku.

Mahaifinsa ma'aikacin inshora ne, ya mutu a 1952 lokacin da Hunter ke da shekaru 14. Mahaifiyarsa ta kama aiki a ɗakin karatu domin ta riƙe gidan, sai dai ta faɗa wa shan barasa bayan mutuwar mijin nata.

Tun yana makarantar sakandare aka shaidi Hunter da abubuwa biyu, wato baiwar rubutu da kuma rashin ji.

A 1955, ana dab da jarrabawar ƙarshe, aka kama shi a cikin mota ɗaya da wani da ya yi fashi. Alƙali ya yanke masa hukuncin ɗaurin kwana 60, ya yi 31 daga ciki, makaranta kuma ta hana shi zana jarrabawa.

Da fitowarsa ya shiga rundunar sojan sama, inda aka ba shi aikin rubuta labarin wasanni a jaridar sansanin Eglin da ke jihar Florida. A nan ya fara aikin jarida.

Bayan an sallame shi a 1957, ya yi aikin ɗan aike a mujallar Time a birnin New York. A wannan lokaci ne yakan zauna gaban keken rubutu yana kwafe littattafan F. Scott Fitzgerald da Ernest Hemingway kalma bayan kalma, domin hannunsa ya saba da yadda manyan marubuta ke jera magana.

An kore shi daga Time saboda taurin kai. Daga nan ya tafi tsibirin Puerto Rico a 1960, sannan ya zagaya ƙasashen Kudancin Amurka yana aiko wa jaridar National Observer rahotanni.

Zama da 'yan babur

Sunansa ya fara fitowa ne a 1965, lokacin da mujallar The Nation ta sa shi ya yi rubutu a kan Hell's Angels, wata ƙungiyar mahaya manyan babura a jihar California da jama'a ke tsoro saboda tashin hankali.

Maimakon ya tsaya daga nesa yana tambayar 'yan sanda kamar yadda sauran jaridu suka yi, sai ya sayi babur ya shiga cikinsu, ya yi kusan shekara guda yana ci yana sha tare da su.

Zaman bai ƙare lafiya ba. A 1966 suka yi masa dukan kawo wuƙa, bayan da, kamar yadda ya ba da labari, ya tsawata wa ɗaya daga cikinsu da ke dukan matarsa. Da ma suna zarginsa da neman kuɗi da sunansu.

Littafin da ya fitar a kansu a 1967 ya samu karɓuwa ƙwarai, kuma da kuɗinsa ne ya samu gida da fili a ƙauyen Woody Creek, kusa da garin Aspen na jihar Colorado, inda ya zauna har mutuwarsa.

A 1968 ya halarci babban taron jam'iyyar Democrat a Chicago, ya ga da idonsa yadda 'yan sanda suka far wa matasa masu zanga-zangar adawa da yaƙin Vietnam da kulake. Abin da ya gani a ranakun ya juya alƙalaminsa zuwa siyasa.

Salon Gonzo

A 1970 mujallar Scanlan's Monthly ta tura shi garinsu domin ya ɗauko labarin shahararren tseren dawaki na Kentucky, tare da mai zane ɗan Birtaniya, Ralph Steadman.

Thompson bai ce komai mai yawa game da dawakan ba. Abin da ya rubuta shi ne labarin 'yan kallo da suka yi tatil, da kuma yadda shi da abokin tafiyarsa suka wayi gari ba su da bambanci da mutanen da suka je yi wa dariya.

Ya bayyana daga baya cewa lokaci ne ya ƙure masa, don haka ya riƙa yago shafukan littafin da yake ajiye bayanai yana aikawa yadda suke, yana zaton aikinsa na jarida ya ƙare ke nan.

Sai ga shi rubutun ya jawo yabo. Wani abokinsa ɗan jarida daga Boston, Bill Cardoso, ya kira salon da suna Gonzo, sunan kuma ya bi shi.

A wannan salo, ɗan jarida ba ya ɓoye kansa. Shi ne tsakiyar labarin, yana faɗin ra'ayinsa ba tare da sakaye ba, yana cakuɗa abin da ya faru da abin da ya ƙaga. Thompson na ganin iƙirarin da 'yan jarida ke yi na rashin ɗaukar ɓangare shi ne ke ba maƙaryatan 'yan siyasa mafaka.

A wannan shekara ce kuma ya tsaya takarar shugaban 'yan sandan gundumar Pitkin. Ya yi alƙawarin daina kama masu shan ƙwaya don kansu, da hukunta dillalai masu cuta, da kuma taka wa masu sayen filaye burki. Manyan jam'iyyun biyu suka haɗa kai a bayan mai riƙe da kujerar, Thompson ya sha kaye.

Tafiyar Las Vegas

Asalin tafiyar da ta haifar da littafin ba wasa ba ne.

A watan Agustan 1970 wani ɗan sanda ya harba gwangwanin hayaƙi mai sa hawaye cikin wata mashaya a Los Angeles, ya kashe Ruben Salazar, fitaccen ɗan jarida Ba'amurke ɗan asalin Mexico, a ranar da ake zanga-zangar ƙin yaƙin Vietnam.

Thompson na binciken kisan ne domin mujallar Rolling Stone, kuma babban mai ba shi bayani shi ne Oscar Zeta Acosta, lauya mai fafutukar kare haƙƙin 'yan asalin Mexico.

Ganin cewa zaman ɗar-ɗar da ake yi a Los Angeles ya hana su magana a sake, sai suka fice zuwa Las Vegas a watan Maris na 1971, inda mujallar Sports Illustrated ta nemi Thompson ya rubuta kalmomi 250 a kan wani tseren babura a hamada mai suna Mint 400.

Ya aika musu kalmomi 2,500, suka yi watsi da su.

Bayan wata guda suka sake komawa birnin, wannan karon domin halartar taron masu gabatar da ƙara na Amurka a kan yaƙi da miyagun ƙwayoyi.

Waɗannan tafiye-tafiye biyu ya haɗa ya mai da su labari guda, wanda Rolling Stone ta buga kashi biyu a watan Nuwamban 1971 da zane-zanen Steadman, kafin ya fito a matsayin littafi a 1972.

A sama, labarin barkwanci ne na mutum biyu da ƙwaya ta gusar wa hankali, suna ɓarna a ɗakunan otal suna gudu ba su biya ba. A ƙarƙashi kuwa makoki ne.

Thompson ya zauna a San Francisco a tsakiyar shekarun 1960, lokacin da matasa masu bijire wa al'adun iyayensu suka yi imanin cewa za su tsai da yaƙi su sauya Amurka. Zuwa 1971 an kashe Martin Luther King da Robert Kennedy, Richard Nixon na mulki, yaƙin kuma bai ƙare ba.

Littafin ya ɗora wani kaso na laifin a kan irin su Timothy Leary, malamin jami'ar da ya riƙa kwaɗaita wa matasa ƙwayar LSD mai sa gane-gane da sunan buɗe basira, ba tare da tunanin waɗanda za ta nakasa ba.

Shi kuwa Acosta bai ji daɗin yadda aka mai da shi wani ƙaton ɗan tsibirin Samoa mai suna Dr Gonzo ba, ya kuma dage sai da aka sa sunansa da hotonsa a bangon littafin. A 1974 ya ɓace a Mexico, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Daga Nixon zuwa Kinshasa

A 1972 Thompson ya bi yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa tun daga farko har ƙarshe, yana goyon bayan George McGovern a fili. Nixon ya lashe jihohi 49 cikin 50.

Har yau ana sanya littafin da ya tattara rahotannin cikin muhimman rubuce-rubuce a kan siyasar Amurka, duk da cewa a ciki ne ya yaɗa jita-jitar cewa ɗan takara Edmund Muskie na shan wata ƙwaya, daga baya ya amsa cewa shi ya ƙirƙiro ta.

Daga nan al'amura suka fara ja da baya. Duk inda ya shiga an san shi, har 'yan jarida kan bar ɗan siyasa su kewaye shi, don haka ba ya iya zama a gefe ya saurara kamar da.

A watan Oktoban 1974 Rolling Stone ta tura shi Kinshasa, a ƙasar Zaire ta wancan lokaci, domin damben Muhammad Ali da George Foreman. Ali ya kayar da Foreman a turmi na takwas, duniya na kallo, Thompson kuwa yana kwance a wurin ninƙaya na otal da kwalbar barasa. Bai kalli damben ba, bai kuma rubuta labarin ba.

A 1975 ya je Saigon ana dab da faɗuwar birnin, ya fice kafin ranar, dangantakarsa da mai mujallar, Jann Wenner, ta yi tsami.

Barasa da hodar iblis sun ci gaba da cin ƙarfinsa. Aurensa na farko ya mutu a 1980, kuma galibin littattafan da ya fitar bayan nan tarin tsofaffin rubuce-rubuce ne da wasiƙu.

A wani shirin talabijin na BBC a 1978, ya amsa cewa idan aka gayyace shi jawabi ba ya sanin ko Thompson ake so ya zo ko Duke.

Yadda aka yi fim ɗin

An shafe fiye da shekaru 20 ana ƙoƙarin mai da littafin fim ba a yi nasara ba, har sai da aikin ya faɗo hannun Terry Gilliam, haifaffen Amurka da ya yi suna a ƙungiyar barkwanci ta Monty Python a Birtaniya.

Johnny Depp, wanda shi ma ɗan Kentucky ne, ya fito a matsayin Duke. Ya tare a gidan Thompson na tsawon watanni yana nazarin tafiyarsa da maganarsa, ya sa tufafinsa na ainihi a fim ɗin, kuma Thompson da kansa ya aske masa kai. Benicio del Toro ya ƙara ƙiba ƙwarai domin ya fito a matsayin lauyan.

Gilliam ya sa mai kallo ya ga duniya da idon wanda ƙwaya ta bugar. Zanen darduma na motsi yana hawa ƙafafun mutane, masu shan giya a mashaya na rikiɗa su zama manyan ƙadangaru. Yayin da labarin ke tafiya dariyar na raguwa, har a kai inda lauyan ya tsorata wata mai kawo abinci da wuƙa.

An nuna fim ɗin a bikin Cannes na 1998, masu sharhi suka rabu biyu, kuma a Amurka ya tara kimanin dala miliyan goma da rabi, abin da bai kai kuɗin da aka kashe ba.

Sai da ya fito a faifai ne ya samu ɗimbin masoya, musamman ɗalibai, waɗanda da yawansu hula da tabarau da sigarin Duke suka ɗauka, suka bar gargaɗin da ke cikin labarin.

Mutuwarsa

A shekarunsa na ƙarshe Thompson na rubuta sharhin wasanni a shafin intanet na ESPN. A nan ne, washegarin harin 11 ga Satumban 2001, ya yi hasashen cewa Amurka za ta shiga dogon yaƙi mai tsada da abokin gaba da ba a san inda yake ba.

Ya sake aure a 2003, amma lafiyarsa ta taɓarɓare. An yi masa tiyata a baya da kwatangwalo, ya kuma karye a ƙafa.

Ranar 20 ga watan Fabrairun 2005 aka same shi a mace a gidansa na Woody Creek, yana da shekaru 67. Hukumomi sun ce shi ya harbe kansa da bindiga.

Watanni shida bayan haka, ranar 20 ga Agusta, aka harba tokar gawarsa sama da igwa daga kan wata hasumiya mai tsawon mita 47, kamar yadda ya tsara tun a shirin nan na 1978. Johnny Depp ne ya ɗauki nauyin bikin, kuma George McGovern da John Kerry na cikin waɗanda suka halarta.