ILYA METCHNIKOFF: MUTUMIN DA YA GANO ƘWAYOYIN JINI MASU CINYE CUTA

Duk wanda ƙaya ta taɓa sokewa ya san yadda wurin yakan kumbura, ya yi zafi, daga baya ya tara mugunya.  Wanda ya nuna wa duniya cewa yaƙi ne jiki yake yi a wurin, shi ne wani masani ɗan ƙasar Rasha mai suna Ilya Metchnikoff, wanda ko takardar shaidar likita ba shi da ita.

An haife shi ran 15 ga watan Mayu na 1845, a wani ƙauye kusa da birnin Kharkov, wanda yanzu yake cikin ƙasar Yukren. Ubansa hafsan soja ne. Tun yana yaro Allah ya ba shi kaifin basira, har ya gama karatun shekara 4 na Jami'ar Kharkov cikin shekara 2 kacal, yana da shekara 19. Daga nan sai ya wuce Jamus don ƙaro ilmin halittun ruwa. A can ne cikin 1865 ya lura da wata tsutsa wadda ƙwayoyin jikinta suke haɗiye abinci su narkar da shi a cikinsu. Wannan abu bai fita daga ransa ba.

Ta fuskar iyali kuwa ya sha wahala ƙwarai. Matarsa ta fari, Ludmila, tarin fuka ya riga ya ci ƙarfinta, har ma a kan kujera aka ɗauke ta zuwa wurin ɗaurin aure. Ta rasu cikin 1873 a tsibirin Madeira. Baƙin ciki ya sa ya yi yunƙurin kashe kansa, amma kwanansa na gaba. Cikin 1875 ya auri Olga, wadda ta zauna da shi har ƙarshen ransa. Yana koyarwa a Jami'ar Odessa aka kashe Sarkin Rasha, Alexander na Biyu, cikin 1881. Gwamnati ta matsa wa jami'o'i lamba, shi kuwa ya ajiye aiki cikin 1882, ya kwashi iyalinsa sai garin Messina a tsibirin Sisili na Italiya.

A Messina ne al'amarin ya faru. Akwai wata halittar teku mai hannu biyar kamar tauraro, 'ya'yanta kuwa garau suke kamar gilashi, ana ganin cikinsu da madubin likita. Metchnikoff ya ga waɗansu ƙwayoyi suna yawo cikin jikinsu, sai ya yi tunanin ko su ne masu tsaron jikin. Ya samo ƙayar furen wardi ya soka musu. Gari na wayewa ya tarar ƙwayoyin nan sun yi wa ƙayar zobe, daidai yadda mugunya take taruwa a yatsan mutum. Cikin 1883 wani masani a Biyana, Carl Claus, ya taimaka masa da sunan da za a kira su da harshen Girka, watau fagosait, ma'anarsa ƙwaya mai cinyewa.

To, yaya ƙwayar da ba ta da baki take cin abu? Kowace ƙwayar halitta tana lulluɓe da wani tantani mai laushi. Idan farar ƙwayar jini ta iske ƙwayar cuta, sai ta miƙa tantanin nan ta gefe biyu ta kewaye ta, bakin ya haɗe, ya zama 'yar jaka. Jakar sai ta tsinke ta faɗa cikin ƙwayar da fursunanta a ɗaure. A ciki kuma akwai waɗansu 'yan jakunkuna masu ɗauke da ruwa mai tsami da sinadaran narkarwa. Jakar fari takan manne da ɗaya daga cikinsu, su zama ɗaya, ruwan ya zubo wa ƙwayar cutar ya narkar da ita. Da yake duk aikin cikin jaka ake yinsa, gubar ba ta taɓa sauran kayan cikin ƙwayar. Mugunya kuwa galibinta gawawwakin fararen ƙwayoyin nan ne da suka mutu a bakin daga.

Masana ba su karɓi maganarsa da sauƙi ba. Ya koma Odessa cikin 1886 ya shugabanci wata ma'aikatar binciken cututtuka, amma likitocin garin suka yi ta yi masa gorin cewa shi ba likita ba ne. Cikin 1888 Louis Pasteur ya ba shi ɗakin bincike a cibiyarsa ta birnin Faris, inda ya zauna shekara 28. Manyan masanan Jamus sun dage cewa ruwan jini ne yake kashe cuta, ba ƙwayoyi ba, aka yi ta musu shekara da shekaru. Daga bisani ta bayyana kowane ɓangare yana da gaskiya, gama ruwan jini yana da sinadaran da suke manne wa ƙwayar cuta, su sa fararen ƙwayoyi su kama ta da sauri. Saboda haka cikin 1908 aka raba kyautar Nobel tsakaninsa da Bajamushe Paul Ehrlich.

Da girma ya kama shi sai hankalinsa ya koma kan tsufa. Ya yi zaton ƙwayoyin da suke ruɓar da abinci cikin hanji su ne suke gaggauta shi, ya kuma lura manoman Bulgeriya masu shan nono mai tsami, irin kindirmo, suna daɗewa a duniya. Shi kansa ya riƙa sha kullum, mutanen Turai da yawa suka bi shi. Ba a tabbatar cewa nono yana hana tsufa ba, amma har yau ana binciken amfanin ƙwayoyin da suke zaune cikin hanji.

Ya rasu a Faris ran 15 ga watan Yuli na 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, bayan fama da ciwon zuciya, yana da shekara 71. Bisa wasiyyarsa aka ƙone gawarsa, aka ajiye tokar a ɗakin karatu na Cibiyar Pasteur.

Waɗanda suka zo bayansa sun ci gaba daga inda ya tsaya. Cikin 1955 Christian de Duve na Beljiyam ya gano jakunkunan narkarwa ɗin nan. An kuma gane cewa da irin waɗannan jakunkuna ƙwayoyi suke fitar da kaya waje: haka sinadarin insulin mai daidaita sukari yake shiga jini, haka kuma jijiyoyin ƙwaƙwalwa suke miƙa wa juna saƙo. Kyautar Nobel ta 2013 an ba da ita ne ga masana 3, Rothman da Schekman da Südhof, don bayyana yadda kowace jaka take kai kayanta inda ya dace a kan lokaci. Har ila yau an gano dabarar ƙwayar tarin fuka, cutar da ta kashe Ludmila. Idan farar ƙwaya ta haɗiye ta, sai ta hana jakarta haɗuwa da jakar narkarwa, ta yi zamanta a ciki tana hayayyafa. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ake shan maganin tarin fuka har wata 6 ba fashi.